Ciwon da Hure Ba Ta Faɗa wa Surukinta Ba

Hure ta fara jin ƙulli a nononta na hagu bayan yankan gero. Ta sha saiwoyi, 'yan bori suka ce Doguwa ce ta taɓa ta, ƙullin bai fasa girma ba. Da aka ce likita Anasara ya sauka Dogon Dutsi, ta hau jaki daga Ɗan Kassari.

Likitan ba ya jin Hausa. Mai fassara masa kuwa Sha'ibu ne, mijin ɗiyarta Balki. Shekara tara da auren, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kai loma baki a gabansa ba.

Ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa a ƙasa. "Inna, likita yana tambaya, ina ke miki ciwo?"

Ta ja zane ta rufe ƙirji.

"Kaina ne," ta ce. "Da zazzaɓi."

Aka ba ta ƙwayoyi masu ɗaci ta koma gida. Da bazara ta koma wurin likita, ta ce jiki ne duka, aka sake ba ta irinsu.

Sai tsakiyar damina Balki ta je ganin gida, ta ji wari a ɗakin, ta ɗaga zanen uwarta. Ƙullin ya fashe. Ba ta jira an gama noma ba, ta kawo ta wurin likita.

Wannan karon Balki ta tare ƙofa ta hana mijinta shiga. Aka kira Hasiya ungozoma, wadda ke ɗan jin Faransanci. Hure ta yi ta magana: yaushe ya fara, yadda hannun ke kumbura, yadda tulu ya gagare ta ɗauka. Likita ya duba, ya yi wa Hasiya magana.

"Ɗiyata," Hure ta ce wa Hasiya, "faɗa mini yadda ya faɗa. Kada ki rage."

"Sankara ce, Inna. Ya ce da a zuwanki na farko ne, da an kai ki Yamai an cire. Yanzu ta bi jiki."

"To. Ki tambaye shi ko akwai abin da zai sa in yi barci."

Akwai. Likita ya ba ta magani kwalba ɗaya, ya kuma ce daga ranar Hasiya ce za ta riƙa fassara wa mata.

A waje Sha'ibu yana riƙe da igiyar jakin.

"Inna," ya ce, "zuwanki na biyu na ga jini a zanenki. Na kasa tambaya."

"Na san ka gani."

Ya so ya raka su, ta ce ya koma bakin aikinsa. Kwalbar ta ƙare cikin kwana ashirin, Hure ta ƙara wata biyu a kwance. Ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, mazan gidan duk suna gona.