Dutsen Wankin Madina

Kumfar sabulu na gangarowa daga sabon dutsen wanki lokacin da Su'ada ta shigo gida, idanunta jajir. Mahaifinta Muntari ya miƙe daga tabarma. Kwana huɗu ke nan da ta tafi yamma tare da 'yan ajinsu na jami'a, wurin duwatsun nan da gwamnati ta killace.

"Lafiya, uwata?"

"Sun yanke shi, Baba. Shekara biyu ina auna dutsen nan saboda memwar ɗina, binciken kammala digiri. Rami kawai muka tarar."

Ta sha yi masa bayani: wai a can da, teku ya taɓa kwanciya a wurin, igiyar ruwa ta bar sawunta a yashi, yashin ya daskare ya zama dutse. Bai taɓa fahimta ba. Abin da ya sani shi ne, in babu dutsen, babu digiri.

Madina, mahaifiyarta, ta ɗago daga wanki. "Share hawayenki, Allah zai kama su. Zo ki ga abin da babanki ya sayo mini. Gurza biyu, datti ya fita!"

Su'ada ta kai dubanta. Jakarta ta suɓuce ta faɗi.

Ta durƙusa, ta share kumfar da tafin hannu, yatsunta na bin kunyoyin dutsen ɗaya bayan ɗaya. A gefensa akwai lamba sha bakwai da jan fenti. Rubutun hannunta ne.

"Innalillahi!" in ji Muntari. "Wallahi direban da ya sayar mini cewa ya yi daga gonarsa ya haƙo su."

"Su? Akwai wasu?"

"Kamiyon ne, babbar mota, cike yake."

Bai iya gaya mata sauran ba. A unguwar Dassasgho ya ga motar, kuma shi ya shiga gaba, ya nuna wa direban hanyar Zongo, unguwarsu, don maƙwabta su amfana.

* * *

Da la'asar ya fito za shi masallaci. Ƙofar gida bayan ƙofar gida, mata sun sunkuya suna gurza tufafi.

"Malam Muntari, Allah ya saka da alheri!" wata tsohuwa ta ɗaga masa hannu mai kumfa. "Ka hutar da mu."

Ya tsaya yana kallo. Ruwan shuɗin zane na bin kunyoyin dutsenta a hankali, yana zuba cikin kwata.