Bayan Nafi'u

Tabo ɗaya ya fara fito wa Nafi'u a haƙarƙari, faɗin bakin ludayi, gefensa na ɓarewa. Ya ɗauka makero ne, ya shafa toka ya manta. Kafin a gama ɗaurin gero sai ƙanana suka bazu a bayansa, jere-jere, da ɗan ƙaiƙayi.

Ɗan kokawa kuwa ba shi da inda zai ɓoye baya. Ga shi shekara guda yana jiran Zakari na Bonkuku, wanda ya kayar da shi bara, ya kuma sa makaɗa suka yi masa waƙar ba'a.

A asibitin Filinge, Basiratu mai duba marasa lafiya ta ce masa, "Wanga ba makero ba ne. Ba a ɗauka tai, kuma shi kan tahi da kainai cikin wata biyu. Bar murza shi da toka."

Amma wa zai bi ƙasar Kurfai gida-gida yana faɗin haka? Mutanen Zakari sun riga sun baza cewa layar Nafi'u ce ta juye masa, wanda duk ya taɓa shi zai kwasa. Munafunci dai ba ya rasa masu dako.

Ran karo, da Nafi'u ya tuɓe riga, fili ya ɗauki ihu. Zakari ya tofar da yawu.

"Ni ba ni kama mai ƙazwa!"

Alƙalin wasa ya ce, "An duba shi, ba komi. Ko ka kama, ko ka amsa kaye."

Zakari ya shigo yana taɓa shi da kan yatsu don ƙyama. Wannan ya fi komai ƙona wa Nafi'u rai. Ya sunkuya, ya suri Zakari, ya maka da ƙasa.

A al'ada samarin garinku ne ke rugowa su ɗaga ka a kafaɗa. Na garin Nafi'u sun rugo ɗin, amma da suka iso sai suka yi cirko-cirko, kowa hannu a baya. Ya tsaya shi kaɗai, kunya kamar ta kashe shi.

Zakari ya tashi yana goge hannuwa da rairayi. "Ƙyama ta kada ni, ba kai ba."

Kafin sanyi ya shiga, bayan Nafi'u ya koma sumul. Ya aika Bonkuku a sake karo, jiki da jiki, kowa ya gani.

Zakari ya aiko da amsa: "Ku ce mishi ya riga ya ci. Shi riƙe abinai."