Makullin Ƙofa Kafin Na Sito

Ni na fara gani. Kafin masu digiri, kafin manaja, kafin kowa. Ban taɓa zama a aji ba, amma shekara talatin da ɗaya ina riƙe da makullan kamfanin nan. Na ga gobara biyu. Na ga manaja biyar sun zo da kwat, sun tafi da kwali a hannu. Ni kuwa ina nan daram.

Akwai ɗaki a ƙasan bene da muke kira ɗakin sanyi. A nan aka jera injunan da ke ajiye bayanan kamfani, kowanne cike da faifai, kowane faifai da 'yar fitila koriya mai ƙyafci. Ni ke buɗewa, ni ke sharewa. Sau uku cikin wata ɗaya babban injin ya sandare, aikin kowa ya tsaya cik. Wa za a zarga? Tsoho mai tsintsiya. Manaja ya kira ni, wai ina ture wayar wutar injin wurin shara, in aka sake in ajiye makullai in kama gabana.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da waya na cire da fitilun sun mutu. Ba su mutu ba. Tsayawa suka yi kore shar, kamar idon kifi a faranti."

Bai ko ɗago kai ba.

To ni ma na sa ido. Wanda na zarga shi ne Mai Tabarau, ma'aikacin da ke sauya faifai. Duk sau ukun, sai ya zare mataccen faifai a daidai lokacin da fitilu ke ƙyafci da sauri, sannan injin ya sandare. Kuma na ji ƙishin-ƙishin yana da ƙani mai neman aikin gadi.

Ran Laraba da hantsi ina goge ƙofar ofis, sai na ji muryar Injiniya, matar da ke kula da zuciyar manhajar injin.

"Wanda ya riƙe makullin ne ya ƙi saki," in ji ta.

Mai Tabarau ya ce, "To a kashe shi mana."

Na banko ƙofa, na zube makullai a kan tebur. "Ga su nan! Kisa kuwa, gobara biyu ba ta iya ba, sai kai mai ido huɗu?"

Injiniya ta yi dariya har da hawaye. "Baba, ba kai ba ne. Aiki biyu ne a cikin injin. Ɗaya yana jera abin da za a rubuta a faifai, ɗaya yana cire faifan da ya mutu. Kowanne sai ya kulle wuri kafin ya taɓa shi. Mun ga sun tsaya, ba mu gano abin da ya riƙe su ba."

Ban yarda da dariyar ba, amma na tambaya, "Makulli nawa ne?"

"Biyu: na layin jiran rubutu da na faifai."

"Wanne ake fara ɗauka?"

Ta ce ba su duba wannan ba.

Sai na ba ta labarina da marigayi mai sito. Wata rana na ɗauki makullin ƙofar baya, na zauna a ɗakin gadi ina jiran ya kawo na sito. Shi kuma ya ɗauki na sito, ya zauna a teburinsa yana jiran in kai masa na ƙofa. Motar kaya a waje tun safe har azahar, direba yana zagin iyayenmu. Ba mai laifi, ba mai motsi. Daga ranar na kafa doka: kowa ya fara ɗaukar na ƙofa, sannan na sito. Wanda bai samu na farko ba, kada ya taɓa na biyu.

Na ce mata, "Duba lokacin da wannan yake zare faifai, fitilu na gudu."

Ta juya ga kwamfutarta, ta yi ta bin rubutu da yatsa. Can ta ce, "Mai rubutu yana ɗaukar na layi sannan na faifai. Mai cirewa yana ɗaukar na faifai sannan na layi." Wai dama ta kusa ganowa. Haka suke cewa duka.

Kwana biyu tana gyara, ta sa kowanne ya fara ɗaukar na layi sannan na faifai. Ran Juma'a muka sauka ɗakin sanyi har da manaja. Ta cika injin da aiki, fitilu suka haukace. Mai Tabarau ya zare faifai, ni kuwa hannunsa nake kallo. Fitilu suka ci gaba da ƙyafci. Ya mayar, ya sake zarewa, har sau goma. Ko gezau.

Manaja ya ɗauko makullaina da na zube ran Laraba ya miƙo mini, ba haƙuri ba komai. Na ƙirga su a gabansa, ɗaya bayan ɗaya. Har gobe ban saki jiki da Mai Tabarau ba.

Duk wanda ya ce ƙarya nake, ya zo da safe in buɗe masa ɗakin sanyi. Ya zare faifan da ya ga dama. In fitila ɗaya ta tsaya, in ba shi makullan da tsintsiyar duka.