Wasan Da Bai Yi Kama Da 'Yan'uwansa Ba

Wata biyu da rasuwar maigidana wata ɗaliba ta yi sallama. Bincike take yi a kan wasannin kwaikwayonsa guda bakwai. Na ba ta kujera a ɗakin aikinsa, ni kuma na zauna gaban na'urar tafireta, inda na shekara talatin ina zama. Haka muke aiki ni da shi a da: yana kai-da-kawo yana faɗa, ina bugawa.

Ta jera littattafai shida a gefe guda, ta ware ɗaya kamar mai ƙyanda.

"Mama, shidan nan duk da sulhu suke ƙarewa. Ko mutuwa aka yi, wani ne ke shigowa ya ba da labari. Amma a wannan, uwa ta bi direban da ya take ɗanta, ta kashe shi a gaban 'yan kallo. Malamina ya ce ba hannun marigayi ba ne. In na tabbatar, za a cire shi daga ayyukansa."

Yarinya ga ido, ga baki. Wasan nan kuwa da shi aka san maigidana. Sauran shidan, Allah ya jiƙansa, lami ne. In aka cire shi, sunansa ya bi ruwa.

Shekarar da mota ta take autanmu, aka kuma saki direban, maigidana ya koma kai-da-kawonsa. Wasan yafiya yake faɗa. Mutum ne da ko ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Yana faɗa ina bugawa, sai dai ba abin da yake faɗa nake bugawa ba. Mako uku muna haka. Da ya karanta, ya daɗe a tsaye. Sai ya gyara waƙafi biyu, ya sa sunansa. Har ya koma ga Allah ba mu tayar da maganar ba.

"Mama, ke kika buga. Daga bakinsa ya fito?"

Na laluba raina ko zan ji tsoro, ko kunya. Ban tarar da komai ba. Tun ranar motar wurin a bushe yake.

"Yana cikin ɗakin nan aka buga kowane shafi, 'yata."

Ta rubuta, ta ɗago tana murmushi. "Ashe shi ma yana fushi."

"Bai taɓa ba," na ce.

Ba ta ji ba, ta riga ta miƙe tana yi mini godiya.