Ɗakin Bautar Mista Kwok a Gonar Yamusa

A shekarar da gwamnati ta kwashe kujerunta daga Legas ta nufo Abuja, kowa ya biyo ta da abin da yake bauta wa. Mista Kwok, wani ɗan kwangila mutumin Sin, ya taho da ɗakin bautar kakanninsa cikin tirela uku.

Matuƙa jirgin ruwa ne suka gina ɗakin a bakin tashar jiragen ruwan Legas, shekara tamanin baya, don su ƙona turare kafin su shiga teku. Jajayen ginshiƙai takwas gare shi, da koren rufi mai bakuna a lanƙwashe sama, da dokin ƙofa da ya kai gwiwa. Kwok ya sa aka kwance shi katako-katako, kowanne da lambarsa.

Ƙa'idarsu ita ce a kafa shi dutse a baya, ruwa a gaba. Abuja ba ta da teku, sai aka haƙura da wani rafi a bayan Bwari. Wurin kuwa gonar doyar Yamusa ce, wani tsohon manomi mai gurguwar Hausa, kuma a gindin dutsen ya binne matarsa Lucy damina biyu da suka wuce. Jacob, shugaban leburori, ya san da kabarin. Ya ce wa Kwok fili ne fetal.

Ranar da katafila ta iso, suka tarar da Yamusa zaune a kan tudun kabarin, adda a cinyarsa.

"Baba, tashi," in ji Jacob. "Gwamnati ta ba da takarda."

"Oga, matana yana nan ƙasa. Shi ya riga gwamnati zuwa."

"To, ta yi haƙuri ta matsa. Ministoci ma sun matsa."

Masu gadi biyu suka kama shi. Ya sari na farko a hannu har yatsu biyu suka faɗi cikin kunya. Na biyun ya sauke masa kulki a kafaɗa, aka ji ƙashi ya ce ƙas. Suka ja shi ta ƙafa, suna tattaka masa haƙarƙari, bakinsa cike da jini da ƙasa. Jacob ya ɗaga wa direba hannu. Sau ɗaya katafila ta wuce, tudun ya buɗe.

A nan motar Kwok ta tsaya. Ya fito, ya ga ƙoƙon kai da ruɓaɓɓen zane a kan jar ƙasa, fuskarsa ta yi fari. A addininsa ba a ɗora ɗakin bauta a kan gawar wani. Da wani ya tambaye shi tun farko, da ya faɗa. Ya zari gora mai lamba daga tirela ya yi ta jibgar Jacob a ka da baya, har gorar ta tsage, Jacob na rantsuwa da Turanci.

Yamusa ya ja jiki ya shiga ramin. Da hannu ɗaya yake tsintar ƙasusuwan yana zubawa a rigarsa. Kwok ya durƙusa a gefensa, ya ɗauki wani ɗan ƙashi da hannu biyu, ya miƙa masa.

Yamusa ya karɓa. Sannan ya lalubi dutse ya fasa masa baki da shi.

"Kar ka ƙara taɓa shi," ya ce, ya ci gaba da tsinta.