Gwangwani Bakwai na Ƙasa

Tun ranar da aka ce mai haƙar rijiya ya kamu da kuturta, matarsa ta kasa zama wuri ɗaya. Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta faɗa a gabanta cewa masu bincike na zargin ƙwayar cutar tana iya zama cikin ƙasa mai damshi. Ai kuwa an sosa mata inda yake mata ƙaiƙayi.

Ta shiga tara ƙasa a gwangwanayen madara: ta bakin rijiyar da ya haƙa bara, ta gindin randa, har da wadda ta kankaro daga takalminsa. Sai ta ɗora tukunya ta manta, ta share tsakar gida sau uku. Ba son bincike ke damunta ba, tsoro ne tsagwaronsa. Shekara biyar ke nan tana da wani tabo mai haske a bayanta, ƙasan kafaɗa, ko ta tsunkule shi ba ta ji, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba. In dai ƙasa ce, to ba ita ta shafa masa ba.

Ta kwashi gwangwani bakwai ta jera a teburin ma'aikaciyar.

"Baiwar Allah, mu nan ba ma gwada ƙasa," in ji ma'aikaciyar. "Zargi ne, ba a tabbatar ba. Abin da muka fi sani, a wurin mutum ake ɗauka, wanda aka daɗe tare da shi bai sha magani ba. Kuma ana warkewa sarai. Mutanen gidan an duba su?"

"Lafiyarmu ƙalau," ta ce, tana tattara kayanta kamar an koro ta.

A gida ta tarar da mijin a kan benci yana ɗaure igiyar guga. Ya dubi gwangwanayen, ya dube ta.

"Maigida, gobe zan gwada babban asibiti, wataƙila su..."

"Zubar da su. Jibi zan koma karɓar magani, ki shirya mu tafi tare ki nuna musu bayanki."

Ta ajiye gwangwanayen. "Bayana?"

"Shekara huɗu ina ganin tabon. Na ce wa kaina makero ne, don kada in tayar miki da hankali. Ni nawa ya riga ya faru, ban kuma riƙe ki da komai ba." Ya ja igiyar ya ƙulle. "Amma autarmu, kullum in kin goya ta, daidai nan take kwantar da kumatunta."