Rundunar Makiyayi

Edita ya bugo waya da misalin sha ɗaya na safe, ya ce zai biyo da ƙarfe huɗu ya ga shafin tsakiya tun yana fensir, kafin tawada ta hau shi. Yaya ne ya ɗauka. Ni ina gefe ina wanke buroshi, na ajiye shi na kasa kunne.

Mu biyu ke zana mujallar, a wani ɗaki saman shagon masu gyaran waya. Wani can daban ke rubuta labarin, Yaya ya zana shi da fensir, ni ƙanwarsa in bi layinsa da tawada, sannan a tura wurin bugawa. Shekara goma sha ɗaya muna haka, kuma edita bai taɓa neman ganin fensir ba. Wannan karon wai kamfani na son fitar da shafin tsakiya a babbar takarda ta mannawa a bango, shi ya sa editan, Jan Biro kamar yadda muke kiransa a bayan idonsa, yake son ya sa ido tun daga tushe.

Shafin kuwa na Makiyayi ne. In ba ka san shi ba, ban ga laifinka ba, don masu karatunmu ma ba su cika tuna shi ba. Wata na'ura ce mai tunani, aka ƙera ta don lura da wani katafaren sito, aka rufe siton aka manta da ita a ciki. Haushi ya sa ta tattara mutum-mutumin ƙarfen da ke ɗaukar kaya ta mai da su sojoji. Akwati ne kawai mai ido ɗaya, ba hannu ba ƙafa, sai umarni. Duk shekara biyu yakan fito da rundunarsa, jarumin mujallar ya lallasa su a shafi shida, a koma kan manyan mugaye. Ba mai zanen da zai so shi, domin wa zai zauna ya zana tarin ƙarfe mai gaɓoɓi don mugun da ko wasiƙa ɗaya ba a taɓa aikowa a kansa ba? Yaya ne ya ƙirƙiro shi, shi kaɗai ke son abinsa. Yakan ce shi ne kawai mugun da ke da dalili.

A wannan fitowar za a kashe shi gaba ɗaya. Yaya ya kwashe kwana tara a kan shafin: Makiyayi a saman tulin akwatuna, mutum-mutumi tamanin da huɗu na kwararowa ƙasa kan jarumin.

Abin da Jan Biro bai sani ba shi ne hannun Yaya ya fara rawa. Wata bakwai ke nan. Da fari sai a dogon layi ake gani, daga baya ko da'ira ba ta rufuwa. Mutum ana iya zana shi da layi mai ɗan karkarwa a ce tsoka ce, amma ƙarfe ba ya rufa wa kowa asiri. Ƙa'idar aikina ita ce in bi layin mai fensir, kada in gyara masa. Na karya ta. Duk inda layinsa ya yi lilo, nakan miƙe shi da tawada, in goge fensirin da kilina, in yi shiru. Shi bai taɓa ɗaga maganar ba, ni ma ban ga fuskar da zan ɗaga ta ba. Mutumin nan shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, shi ya fara sa min alƙalami a hannu. In edita ya ga ainihin fensirin, za a karɓe mujallar daga hannunsa, kuma Yaya ba shi da wani abu a duniya da ya iya sai wannan.

Shi kuwa murna yake yi. Ya ce yau dai za a ga aikinsa tsirara, ba tare da na shafe masa rabi da baƙin ruwana ba. Ya duba kansa a gilashin taga, ya ce bari ya je a rage masa suma, daga can ya ɗauko Anti, matarsa, daga asibitin da take aiki ya kai ta gida, zai dawo kafin huɗu. Na ce a dawo lafiya, ina jin takunsa har ya sauka matakala.

Na ɗauko shafin na shimfiɗa. Tsarin yana nan, wannan babu mai ƙwace masa. Ido zai fara daga idon Makiyayi, ya gangaro tare da rundunar, ya tsaya cak a kan dunƙulen hannun jarumin. Amma kowace ƙafar ƙarfe sai ka ce igiyar shanya ce iska ke kaɗawa. Na tsaya minti biyar ina gardama da kaina, alhali na riga na san abin da zan yi.

Muna da tebur mai gilashi da fitila a ƙasa. In ka ɗora sabuwar takarda a kan tsohuwa, zanen ƙasa zai bayyana, sai ka kwafe. Na yanko takarda daidai girman tasa, na manne da salatif, na ɗauki fensirinsa, ba nawa ba. Na fara da Makiyayi, don shi ne mai sauƙi, akwati da ido. Sai na shiga rundunar, ina ƙirgawa a zuci.

Ƙarfe ɗaya ina kan na ashirin da shida. Lissafi ya nuna zan gama da ƙyar, in ban sha ruwa ba, ban ɗaga kai ba. A na talatin da tara ƙwan fitilar ya yi ɗan ƙara ya mutu. Na buɗe durowa, babu wani. Na sauka da gudu wurin masu gyaran waya, babbansu ya juya ƙwan a hannu ya ce irin wannan sai an shiga cikin gari. Ya fara ba ni labarin yadda kayan yanzu ba su da ƙarko, na bar shi da bakinsa a buɗe na hau sama.

Taga ta rage. Na manna takardun biyu a jikin gilashin inda rana ke dukansa, na ci gaba a tsaye, hannu a sama. Wanda bai taɓa jan miƙaƙƙen layi a tsaye ba, kada ya ce ya san ciwon kafaɗa. Gumi na gangarowa ta gwiwar hannuna, na ɗaura tsumma don kada ya ɗiga a takarda. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙasa sai in leƙa in ga ko Yaya ne. Wajen ƙarfe uku wani ɗan gajimare ya rufe rana, zanen ƙasa ya dusashe, na tsaya ina kallon sama ina roƙo kamar mai shanyar gari.

Ba tsoro kaɗai nake ji ba, har da haushi. Haushin Jan Biro da ya tashi da sabon salo, haushin Yaya da ya tafi aski hankali kwance, da haushin wannan akwatin mai ido ɗaya da bai iya fitowa da sojoji goma ba kamar mai hankali, sai tamanin da huɗu. Akwai kuma wani abu da nake jin kunyar faɗa. Wajen na sittin na lura ina jin daɗi. Hannuna na tafiya, layi na fita tsaf, har na gyara wuyan wani mutum-mutumi yadda ni nake ganin ya fi.

Huɗu saura minti goma na gama. Na ɓamɓare salatif, na tura shafin Yaya ƙarƙashin tarin tsofaffin mujallu, na ɗora nawa a teburinsa na rufe da farar takarda. Ko hannu ban gama wankewa ba na ji muryoyinsu a matakala. A ƙofa suka haɗu, suka hau tare, ke nan ko daƙiƙa ɗaya ba zan samu da Yaya shi kaɗai ba.

Jan Biro ya gaishe ni, ya ƙi zama, ya ce yana sauri. Yaya, da sabon askinsa yana ƙamshin hoda, ya yaye farar takardar da kansa. Ina kallon bayan wuyansa. Bai motsa ba, sai dai hannun da ke riƙe da takardar ya sauka a hankali.

Edita ya sunkuya. Ya daɗe yana bi, yana gyaɗa kai. Ya ce rabon da ya ga layi mai tsabta haka tun yana sabon ɗauka, ya ce masu cewa Malam ya tsufa su zo su gani. Ashe dai ana faɗa. Na fara sakin numfashi. Sai ya ciro jan biron nan ya nuna bayan Makiyayi da gindinsa, ya nuna ƙarƙashin akwatunan, ya ɗago.

"Malam, ina kuros ɗin?"

A sana'armu mai fensir ba ya ɓata lokaci yana cike baƙi. Duk inda yake son inuwa ko duhu, sai ya sa ɗan kuros, irin wanda malami ke sa wa amsar da ba daidai ba, mai tawada ya gani ya cike. Saƙo ne daga hannu zuwa hannu. Shafin Yaya na da su sun fi ɗari. Ni da nake kwafewa idona ya tsallake su duka, domin na riga na san inda baƙi zai zauna, kuma ba wanda ke bar wa kansa saƙo. Ko ɗaya ban sa ba.

"Shekara nawa ina ganin ragowar kuros ɗinka a gefen shafi," in ji edita, yana ɗan murmushi. "Yau ko ɗaya? Ta yaya za ta san inda za ta cike?"

Ya juyo ya dube ni. Ya dubi gefen hannuna, inda baƙin fensir ya yi min shafi tun daga ɗan yatsa har wuyan hannu. Murmushin ya tafi.

Ƙarya na nan a saman harshena. Zan iya cewa mun daina sawa, mun saba da juna. Yaya ma zai iya cewa mantuwa ce, a wuce wurin, don edita da kansa yana neman wanda zai ba shi hanyar fita. Na buɗe baki, Yaya ya ɗaga min hannu.

"Bari in sa su yanzu," ya ce.

Ya ja kujera ya zauna, ya ɗauki fensir. Na ce, "Yaya, bari ni in..." Bai ko kalle ni ba. Ya kai bakin fensirin bayan Makiyayi, mu uku muna kallo. Layi biyu ne kawai, ɗaya ya haye ɗaya. Fensirin ya yi ta saran takarda kafin ya zauna, layin farko ya fita a karkace, na biyu ya zarce har cikin idon Makiyayi. Ya sa kuros na biyu, ya sa na uku, bai ɓoye hannun ba, bai dafe shi da ɗayan ba. Ana jin rediyon masu gyaran waya daga ƙasa.

A na biyar ya ajiye fensirin.

"Ka gani da idonka," ya ce wa edita. "Tsarin nawa ne, hannun nata ne. In za ku buga, ku sa sunanta a inda ake sa nawa."

Jan Biro ya mai da bironsa aljihu. Ya yi 'yan maganganu na ladabi, cewa shafin ya yi, a ci gaba da tawada, sauran kuma zai zauna da mai kamfani, sai dai ba zai ɓoye masa abin da ya gani ba. Yaya ya ce haka ya kamata. Ya raka shi har bakin matakala ya dawo.

Ya ce in ba shi nasa. Na zaro shi daga ƙarƙashin mujallu, ya shimfiɗa su gefe da gefe, ya daɗe yana duban wannan yana duban wancan.

"Tun yaushe, Auta?"

"Wata bakwai."

"Duka shafukan?"

Na ce duka.

Ya gyaɗa kai. Na zaci faɗa zai yi, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Muryarsa ƙasa ƙasa ya yi magana.

"Na san yana rawa, ai a jikina yake. Amma duk wata in mujalla ta fito sai in buɗe in ga layi a miƙe, in ce ashe bai kai yadda nake tsoro ba. Antinki ta yi ta fama in je a duba ni, ni kuwa in ɗauko mujallar in nuna mata." Ya shafa gefen takardarsa. "Da aikinki nake ta kafa mata hujja."

Na yi ta ganin kamar rufa masa asiri nake yi, ban taɓa tunanin har shi nake rufe wa ido ba. Na ba shi haƙuri, ya ce ba na haƙuri ba ne. Ya naɗe shafinsa ya ɗaure da roba, ya ce zai koma gida, akwai maganar da zai yi da Anti tun da sauran rana.

A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Idon Makiyayi, kada ki cike shi duka. Ki bar ɗan fari a gefe. Shi bai san yau zai mutu ba."

Ya sauka. Na ɗauki shafin na kai teburina, na buɗe kwalbar tawada, na tsoma buroshi. Na daɗe riƙe da shi a sama ban sauke ba, har tawadar ta bushe a bakinsa, na sake tsomawa.